Linux, BSD da sauransu: abin da ya kamata a sani game da buɗaɗɗun manhajojin tafiyar da kwamfuta

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 facin tsaro da ya saba fitarwa kyauta kowane wata. Kwamfutocin suna ci gaba da aiki yadda aka saba, to sai dai duk wata sabuwar ɓaraka da masu kutse suka gano bayan wannan rana za ta zauna a buɗe, in ban da a kwamfutocin da aka shigar cikin shirin ƙarin wa'adi na kamfanin. Hawa zuwa Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta zama Intel zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Tun a ƙarshen 2023 cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan sauyi.

Lamarin ya shafi yankinmu kai tsaye, domin da yawa daga kwamfutocin da ke ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Injamena na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su shigo ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano, Lome da Duwala. Wannan ne ya sake tayar da tsohuwar muhawara: shin buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux za su iya maye gurbin Windows? Muhawarar ta fi zafi a kan abubuwa biyu, wato tsaro da kuma ko manhajar za ta iya aiki da sassan kwamfutar da mutum yake da ita.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Ita ce ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'adana da allo da firinta, kuma a kanta ne sauran manhajoji ke zama. Windows da macOS rufaffu ne: kamfanin da ya mallake su ne kaɗai ke da ikon sauya rubutun asali da aka gina su da shi. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ana wallafa wannan rubutu a fili, lasisinta kuma yana bai wa kowa izinin amfani da ita, da nazarin yadda take aiki, da gyara ta, da rarraba ta ga wasu.

Faransanci ya fi fayyace ma'anar, domin yana bambanta “logiciel libre” da “logiciel gratuit”. Na farko magana ce ta ƴanci, na biyu magana ce ta kyauta. Galibin buɗaɗɗun manhajoji ana sauke su ba da ko sisi ba, amma kamfanoni irin su Red Hat, SUSE da Canonical suna samun kuɗi ta hanyar sayar da kulawa da gyara ga bankuna da ma'aikatu.

Tafiyar ta samo asali ne a 1983, lokacin da Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a Amurka. A watan Agustan 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar manhaja, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarafan kwamfuta. Ita ce ta zama Linux. Daga haɗa wannan zuciya da kayan aikin GNU aka samu nau'o'i da dama: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 wanda ɗan kasuwar Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa, sai Linux Mint a 2006. Akwai kuma wani gida na daban mai suna BSD, wanda ya samo tushe a jami'ar Berkeley, kuma daga cikinsa FreeBSD da NetBSD da OpenBSD suka fito.

Mutane da yawa suna amfani da Linux ba tare da sun sani ba. A kan zuciyarta aka gina Android. Tun daga Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki, haka ma babban kaso na manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. A kwamfutocin tebur da na cinya ne kawai aka bar ta a baya, inda alƙaluman StatCounter na 2024 suka ba ta kimanin kashi 4 cikin 100.

Hujjar masu cewa ta fi tsaro

Magoya baya suna kafa hujja da abin da Bahaushe ke cewa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Idan kowa na iya karanta rubutun manhaja, to masu bincike a jami'o'i da kamfanoni da hukumomin gwamnati za su iya gano kuskure, kuma da wuya a ɓoye wata ƙofar leƙen asiri ta daɗe ba a gan ta ba. A rufaffiyar manhaja, in ji su, mai amfani ba shi da abin riƙewa illa alƙawarin kamfani.

Suna kuma nuni da yadda ake sanya manhajoji. A Debian ko Ubuntu ana ɗauko su ne daga rumbu guda na hukuma, kowace da sa hannun sirri da ke tabbatar da ba a taɓa ta a hanya ba, kuma sabuntawa ɗaya tana gyara babbar manhaja tare da sauran manhajojin da aka ɗauko daga rumbun. Wannan ya sha bamban da al'adar da aka saba da ita a kasuwanni da dama, inda mai gyara ke loda wa kwamfuta Windows da Office na sata, haɗe da ƴan manhajojin karya lasisi waɗanda sau da yawa su ne ke shigo da cuta, sannan ya kashe sabuntawa don kada kamfani ya gano.

Hujjar masu shakka

Masu shakka suna cewa buɗe rubutu ba ya nufin akwai wanda ya zauna ya karanta shi. Babban misalinsu shi ne Heartbleed, kuskuren da aka bayyana a Afrilun 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanai tsakanin mai lilo da shafin intanet. Kuskuren ya shafe shekara biyu a fili, ya kuma jefa manyan kwamfutocin intanet kimanin rabin miliyan cikin haɗarin satar kalmomin sirri. Daga bisani ta bayyana cewa mutane ƙalilan ne ke kula da OpenSSL, kuma gudummawar da aikin ke samu daga jama'a ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2,000 a shekara ba. A Satumban wannan shekara aka sake gano wata ɓaraka mai suna Shellshock a manhajar Bash, wadda ta yi kusan shekara 25 tana kwance.

Wasu masana kuma suna ganin ƙarancin cututtuka a kwamfutocin Linux na tebur yana da nasaba da ƙarancin masu amfani da su, domin ɓarawo kasuwar da ta cika yake ci. Suna ƙarawa da cewa wajen killace kowace manhaja don kada ta taɓa bayanan ƴar'uwarta, Android da iOS sun sha gaban Linux na tebur. Tsohon tsarin nuna hoto a allo mai suna X11, alal misali, yana bai wa duk wata manhaja da ke aiki damar ganin abin da ake bugawa a wata. Sabon tsarin Wayland, wanda Fedora da Ubuntu suka koma kansa, an gina shi ne da nufin toshe irin wannan kafa.

Abin da ya faru da XZ

Babu lamarin da ya fi nuna ƙarfi da raunin buɗaɗɗen tsari a lokaci guda kamar na XZ Utils, wata ƴar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane nau'in Linux. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana ba da gudummawar gyare-gyare, har mutum guda da ke ɗauke da nauyin aikin ya amince masa ya ba shi iko. Daga nan sai ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1, wadda za ta iya bai wa mai riƙe da makullinta damar shiga kwamfutoci daga nesa.

Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya bankaɗo ta. Yana gwaji ne a nau'in Debian na gwaji sai ya lura shiga kwamfuta ta hanyar SSH ya ƙara jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya kuma sanar da duniya a ranar 29 ga Maris 2024, kafin gurɓatacciyar manhajar ta kai ga tabbatattun nau'o'in Debian, Ubuntu da Red Hat. Magoya baya sun ce da a rufe abin yake, da Freund bai samu hanyar bincike ba. Masu shakka kuma sun ce sa'a ce kawai aka taka, tun da tsaron miliyoyin kwamfutoci ya rataya a wuyan mai aikin sa kai guda da ya gaji.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu

Duk da wannan saɓani, kusan kowa ya yarda cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi yawa ita ce rashin sanya faci. Cutar WannaCry da ta kulle kwamfutocin Windows sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017, ciki har da asibitocin Birtaniya, ta bi ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris. A ɗaya ɓangaren, cutar Mirai ta 2016 ta kama ɗimbin kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet masu aiki da Linux, saboda an bar su da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta. Da wani nau'in Mirai ne aka kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a ƙarshen 2016, lamarin da ya gurgunta intanet a Laberiya, kuma a 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan Birtaniyar da ya aikata shi.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wa ke fitar da faci, kuma har zuwa yaushe? Ubuntu na fitar da nau'i mai dogon wa'adi a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, tare da facin tsaro na shekara biyar kyauta. Linux ɗin da wa'adinsa ya ƙare ba shi da wani fifiko a kan Windows 7, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020. Haka abin yake a wayoyi: Android buɗaɗɗe ne a tushe, amma facin yana biyowa ne ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar, kuma wayoyi masu araha da yawa ba sa daɗewa suna samun sa.

Matsalar direba

Kowane sashe na kwamfuta, daga katin Wi-Fi zuwa firinta, yana buƙatar ƴar manhaja da ke yi masa tafinta da babbar manhaja. Ita ake kira direba, ko “pilote” da Faransanci. Kamfanonin ƙera kaya sun fi rubuta direba don Windows, inda kasuwa take. Idan kamfani ya ƙi rubuta na Linux, ya kuma ƙi bayyana yadda kayansa ke aiki, sai masu aikin sa kai su yi ta lalube har su gano, abin da kan ɗauki shekaru.

Yanayin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Intel da AMD suna sanya direbobin katin hotonsu kai tsaye cikin zuciyar Linux, don haka yawanci da an kunna sai aiki. Nvidia ya daɗe yana riƙe da nasa a rufe, har a 2012 Torvalds ya fito fili a jami'ar Aalto ya bayyana shi a matsayin kamfanin da ya fi ba su wahala. Sai a Mayun 2022 Nvidia ya buɗe wani ɓangare na direbansa, shi ma na sababbin katuna ne. Wuraren da aka fi kokawa su ne wasu katunan Wi-Fi na Broadcom da Realtek, da na'urar karanta zanen yatsa, da kyamarorin wasu sababbin kwamfutocin cinya, da ƙananan firintoci masu araha da aka ƙera su dogara ga direban Windows. Firintocin HP da yawa suna da direban Linux daga kamfanin, sababbin firintoci masu aiki ta hanyar sadarwa kuma galibi ba sa buƙatar direba na musamman.

A nan tsohuwar kwamfuta ta kan yi riba. Kwamfutar ofis ta Dell, HP ko Lenovo mai shekara bakwai zuwa goma ta fi saurin karɓar Linux fiye da wadda ta fito bana, domin direbobinta sun daɗe da shiga zuciyar manhajar. Amma tsufan yana da iyaka. Ubuntu ya daɗe da barin kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar bit 32, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 shi ma ya daina fitar da faifan sanyawa dominsu. Kazalika nau'o'i marasa nauyi irin su Lubuntu, Xubuntu da Mint Xfce za su iya tayar da kwamfuta mai giga 2 na ƙwaƙwalwar aiki, amma shafukan intanet na yau suna cin wuri ko da wace manhaja aka buɗe su.

Ra'ayoyi uku kan rufaffun direbobi

A cikin gidan buɗaɗɗun manhajoji ma ba a taru an zama ɗaya ba. Gidauniyar da Stallman ya kafa a 1985 ta ƙi amincewa da duk wani rufaffen guntu, tana kuma goyon bayan nau'o'i irin su Trisquel kaɗai, ko da hakan zai sa Wi-Fi ya ƙi aiki. Ubuntu da Mint sun zaɓi sauƙi, suna bai wa mai amfani rufaffen direba idan shi ne zai sa kayansa su yi aiki. Debian ya daɗe a tsakiya, har a 2022 mambobinsa suka kaɗa ƙuri'a suka amince a sanya rufaffun ƴan manhajojin da katuna ke buƙata cikin faifan sanyawa na hukuma, kuma an fara hakan da Debian 12 a Yunin 2023.

OpenBSD, wanda Theo de Raadt ya kafa a 1995 kuma yake jagoranta daga Kanada, ya ɗauki tsaro a matsayin abin da ke gaba da komai. Masu gina shi suna bin rubutunsu layi-layi, suna kashe duk abin da ba a buƙata, kuma sun ƙi karɓar rufaffen direba cikin zuciyar manhajar bisa hujjar cewa abin da ba a iya karantawa ba a iya tantance shi. Su ne suka samar da OpenSSH a 1999, wanda kusan duniya duka ke amfani da shi, sannan suka fitar da LibreSSL bayan Heartbleed. Farashin wannan tsauri a bayyane yake: babu direban Nvidia na kamfani, kuma tun 2014 suka cire Bluetooth gaba ɗaya. Shi ya sa aka fi ganin sa a na'urorin tsaron hanyar sadarwa fiye da teburin sakatare.

Hukumomin da suka gwada

Rundunar jandarma ta Faransa ita ce misalin da aka fi kawowa. Ba ta fara da babbar manhaja ba. Ta soma sauya manhajar rubutu zuwa OpenOffice a tsakiyar shekarun 2000, sannan ta kawo Firefox da Thunderbird, sai a 2008 ta sanar da komawa Ubuntu, inda ta gina nau'inta mai suna GendBuntu wanda yanzu ke kan dubun-dubatar kwamfutocinta. Lokacin da aka sauya babbar manhajar, jami'ai sun riga sun saba da kayan aikin da ke kanta.

Birnin Munich na Jamus ya ga ɗaya fuskar. Majalisarsa ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, aka kammala sauya kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, amma a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bisa koke-koken rashin jituwa da wasu manhajoji da takardun da ake musaya da sauran hukumomi. Masu adawa da matakin sun ce siyasa ce, suna nuni da cewa Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin a 2016. Duk da haka, a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux, tana mai kafa hujja da mallakar ikon bayananta.

A Afirka ta Yamma, ƙungiyoyin sa kai sun buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo da tsofaffin kwamfutoci masu aiki da Emmabuntüs, nau'in da aka ƙirƙiro a Faransa don farfaɗo da kayan da aka bayar sadaka. Ma'aikatun kiwon lafiya na Nijar da Najeriya da Gana kuma suna tattara alƙalumansu da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda aka fi ɗorawa a kan Linux.

Abin dubawa kafin a sauya

Masana suna ba da shawarar a fara da lissafin manhajojin da aiki ya dogara a kansu. Microsoft Office, Photoshop, CorelDRAW, AutoCAD da manhajar lissafin kuɗi ta Sage 100 ba su da nau'in da ake sanyawa a Linux na tebur, haka ma galibin akwatunan da masu gyaran waya ke yin filashin da su. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, amma takarda mai tsari mai sarƙaƙiya kan ɗan jirkice. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da lilo a intanet da kallon bidiyo ba, shi ne ya fi samun sauƙin sauyi.

Na biyu shi ne gwaji. Ana iya tayar da Ubuntu ko Mint daga ƴar ma'adanar USB ba tare da taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, a gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, firinta da na'urar ɗaukar hoton takarda. Allon rubutu na AZERTY yana aiki, akwai kuma tsarin madannai na Hausa mai haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ. Sai batun kuɗin data: faifan Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6, na Mint kuma kimanin rabin haka, amma lasisin ya halatta mutum ɗaya ya sauke ya kwafa wa kowa. Kafin a sanya, wajibi ne a kwashe muhimman takardu zuwa wata ma'adana.

Na ƙarshe shi ne mai gyara. Makaranta ko ma'aikatar magajin gari da ta sauya kwamfutoci 20 ba tare da ta horar da wanda zai riƙa sanya faci da warware matsalar firinta ba, ta kan wayi gari an mayar mata da Windows na sata a ranar farko da wani abu ya tsaya. Kuɗin lasisin da aka tsimi, wani kaso nasa horo ne ya kamata ya ci.